Wasiƙar da Ba ta Isa Ba: Bin Sawun Cikas a Uwar Garken Imel

1.0 Gabatarwa

Aikin nazarin harshe a jami'o'in Nijeriya ya daɗe da rataya a wuyan wasiƙar imel. Ta nan marubuci ke aika maƙala ga editan mujalla, ta nan edita ke miƙa ta ga masu duba aiki, kuma ta nan gayyatar taron ƙara wa juna sani ke iso wa malami. Idan wasiƙa guda ta maƙale a hanya, maƙala kan iya rasa fitowar shekara, ƙarin girman malami kuma ya jinkirta a sanadin haka. Abin da aka saba ji a irin wannan hali shi ne mai aikawa ya rantse ya aika, mai karɓa ya rantse bai gani ba, kuma sau da yawa dukkansu gaskiya suka faɗa.

Wannan maƙala za ta yi bayanin hanyar da wasiƙa ke bi, da shaidun da take bari a baya, da yadda mai kula da na'ura ke amfani da waɗannan shaidu wajen gano inda ta tsaya. Daga ƙarshe za a taɓo wata matsala da ta shafi masana harsunan gida kai tsaye, wato wasiƙar da ta isa amma haruffanta suka lalace.

Da yake fannin bai gama samun daidaitattun kalmomi a Hausa ba, ya kamata a fayyace waɗanda aka yi amfani da su a nan. Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke karɓar wasiƙu ta ajiye ko ta tura gaba. Sunan gida shi ne ɓangaren adireshi da ke bayan alamar @, sunan akwati kuma shi ne wanda ke gabanta. Layin jira shi ne ma'ajiyar wasiƙun da ba su riga sun fita ba. Kundin aiki shi ne rajistar da na'ura ke rubuta duk abin da ta yi. Goshin wasiƙa shi ne jerin bayanan da ke saman saƙo, waɗanda galibi ake ɓoye wa mai karatu. Yawancin waɗannan an aro su ne daga harshen gidan waya, domin waɗanda suka ƙirƙiro tsarin su ma can suka yi aro.

2.0 Hanyar da Wasiƙa Ke Bi

Ray Tomlinson ne ya fara amfani da alamar @ a shekarar 1971 don raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake. Ƙa'idar da uwayen garke ke bi wajen miƙa wa juna wasiƙa, wadda ake kira SMTP, Jon Postel ne ya tsara ta a takarda mai lamba RFC 821 a 1982. An sabunta ta a 2001, aka sake sabuntawa a 2008 a takarda mai lamba RFC 5321, amma ginshiƙinta bai sauya ba.

Idan mutum ya latsa maɓallin aikawa, manhajarsa na miƙa wasiƙar ne ga uwar garken gidansa, galibi ta ƙofa mai lamba 587, bayan ta gabatar da suna da kalmar sirri. Wannan shi ne zango na farko. Daga nan uwar garken za ta dubi sunan gidan mai karɓa, ta tambayi tsarin DNS, wanda shi ne littafin adireshin intanet, wace na'ura ce ke karɓar wasiƙun wannan gida. Amsar tana cikin wani rubutu da ake kira MX, wanda aka shigo da shi a 1986. Gida ɗaya kan iya samun MX biyu ko uku, kowanne da lambar fifiko, kuma wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta shi ake fara gwadawa. Sai uwar garken mai aikawa ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 25 a waccan na'ura.

Abin da ke biyo baya zance ne tsakanin na'urori biyu, kuma tsarinsa bai yi nisa da na sallama da gaisuwa ba. Mai gida ce ke fara magana da lamba 220, wato tana nan kuma a shirye take. Baƙuwa ta gabatar da kanta da kalmar HELO ko EHLO. Sannan ta faɗi daga wa wasiƙar ta fito da MAIL FROM, ta faɗi wa aka aiko wa da RCPT TO. Kowace magana sai an amsa ta da lamba, kuma 250 ita ce amsar yarda. Bayan haka baƙuwa ta ce DATA, mai gida ta ce 354, wato bismilla, sai a zubo saƙon baki ɗaya, a rufe shi da ɗigo guda shi kaɗai a kan layi. Idan mai gida ta amsa wannan da 250, amanar wasiƙar ta koma hannunta. Daga wannan lokaci ƙa'ida ta ɗora mata ɗayan biyu: ta isar da wasiƙar, ko ta sanar da mai aikawa cewa ta kasa.

Akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin rashin saninsa kan ɓatar da mai bincike. Adireshin da aka faɗa a MAIL FROM da RCPT TO su ne na bayan ambulan, kuma da su na'urori ke aiki. Adireshin da mai karatu ke gani a saman saƙo suna cikin takardar ne, ba dole ba ne su yi daidai da na ambulan. Shi ya sa mutum kan sami wasiƙar da sunansa bai fito a kanta ba, kuma shi ya sa maƙaryaci ke iya rubuta sunan kowa a gurbin mai aikawa.

3.0 Shaidu Uku

Tambayar farko ga mai bincike ita ce, wace na'ura ce ta ƙarshe da ta ce 250? Duk sauran aikin neman amsar wannan ne. Shaidun da ake dogaro da su uku ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

3.1 Takardar dawowa

Idan uwar garke ta kasa isar da wasiƙa, takan rubuto wa mai aikawa takardar sanarwa. Yawancin mutane na share wannan takarda ba tare da sun karanta ba, saboda yawan lambobi da Turancin da ke cikinta. Wannan babbar asara ce, domin a nan ne na'urar da ta ƙi karɓa ke faɗin dalilinta da bakinta.

Lambar farko ta amsar ita ce mafi muhimmanci. Duk amsar da ta fara da 4 cikas ne na ɗan lokaci: a dawo anjima. Wadda ta fara da 5 ƙi ne na dindindin: kada a sake gwadawa sai an gyara wani abu. Alal misali, 421 na nufin na'urar ba ta iya hidima a yanzu, 452 na nufin wurin ajiyarta ya yi ƙaranci, 550 kuwa na nufin akwatin babu shi ko an hana isa gare shi. Da yake 550 kan ɗauki ma'anoni da yawa, a 1996 aka ƙaro wasu lambobi masu gaɓa uku don ƙarin bayani. Lamba 5.1.1 na nuna babu mai wannan suna a gidan. Lamba 5.2.2 na nuna akwatin ya cika. Lamba 5.3.4 na nuna saƙon ya yi girma. Lamba 5.4.6 na nuna wasiƙar ta shiga zagaye tsakanin na'urori. Lamba 5.7.1 kuma na nuna an ƙi ta ne bisa wata doka ta gidan, ba don adireshin ya ɓaci ba. Tsakanin 5.1.1 da 5.7.1 akwai tazara mai yawa: ta farko gyaranta na hannun mai aikawa, wanda wataƙila harafi guda ya kuskure, ta biyu kuwa sai masu kula da na'urorin biyu sun sa hannu.

Wani abin lura shi ne sunan na'urar da ta rubuto takardar. Idan uwar garken gidan mai aikawa ce ta rubuto tana ruwaito abin da waccan ta faɗa, to wasiƙar ba ta taɓa shiga gidan mai karɓa ba. Idan kuwa ta gidan mai karɓa ce ta rubuto, an karɓa ke nan sannan aka kasa kai ta akwati, kuma a can za a nemi matsalar. Har ila yau, ba kowace takardar dawowa ce ke nufin wasiƙa ta mutu ba. Wasu sanarwar jinkiri ce kawai. Ƙa'ida ta ce a bar aƙalla minti 30 tsakanin gwaji da gwaji, kuma kada a fid da rai sai bayan kwana 4 zuwa 5. Manhajar Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, kwana 5 take riƙe wasiƙa idan ba a sauya mata tsari ba. Wannan haƙuri na tsarin ne ya sa jami'ar da uwar garkenta ke cikin harabarta ba ta rasa wasiƙunta don wuta ta ɗauke yini guda. Amma idan injin ya kwana shida a kashe, wasiƙun sun koma ga masu su.

3.2 Kundin aiki

Wannan shi ne shaida mafi ƙarfi, sai dai mai kula da na'ura kaɗai ke iya buɗe shi. Kowace wasiƙa da ta shigo ana ba ta lambar layi, kuma duk abin da ya same ta ana rubuta shi a ƙarƙashin wannan lamba: lokacin shigowa, girmanta, na'urar da aka nema, amsar da aka samu. Mai bincike kan fara da adireshin mai aikawa da kusan lokacin da aka aika, ya samo lambar, sannan ya bi ta har ƙarshe. Ƙarshen ɗaya ne daga cikin uku: an aika, an jinkirta, ko an mayar.

Akwai kuma hali na huɗu, wanda shi ne babu ambaton wasiƙar a kundin sam. Wannan ma amsa ce. Yana nufin wasiƙar ba ta baro kwamfutar mai ita ko wayarsa ba, kuma galibi za a tarar da ita zaune a jakar masu jiran fita, saboda kalmar sirri ta sauya ko layin intanet ya yanke a daidai lokacin aikawa. Saboda haka malamin da ya kai ƙara ga sashen kwamfuta zai taimaki kansa idan ya tafi da abubuwa huɗu: adireshinsa, adireshin wanda ya aika wa harafi da harafi, rana da sa'a, da takardar dawowa cikakkiya idan akwai. Ƙarar da ta tsaya ga cewa imel ba ya tafiya ba ta ba mai bincike bakin zaren da zai kama.

3.3 Sawun da ke goshin wasiƙa

Shaida ta uku tana amfani ne ga wasiƙar da ta iso a makare. Kowace uwar garke da wasiƙa ta ratsa takan buga mata layi guda mai farawa da kalmar Received a goshi, kamar yadda ake buga hatimin gidan waya a kan ambulan. Da yake kowace na ɗora nata a saman na baya, daga ƙasa ake karanta su zuwa sama. Idan aka jera lokutan, wurin da aka sami tazarar sa'o'i tsakanin layi biyu nan ne wasiƙar ta kwana. Sai dai a kula da bambancin agogo. Lokacin Nijeriya ana rubuta shi da +0100, kuma wanda ya kwatanta shi da na wata na'ura a Amurka ba tare da daidaitawa ba zai ga jinkirin da babu shi, ko ya ga wasiƙa ta isa kafin a aika ta.

4.0 Wuraren da Aka Fi Samun Cikas

4.1 Suna da adireshi

Bayan kuskuren harafi, abin da ya fi yawa a wannan rukuni shi ne matsalar rubutun MX. Idan jami'a ta mayar da akwatunanta daga na'urar cikin gida zuwa Google ko Microsoft amma aka bar tsohon MX, wasiƙu za su ci gaba da zuwa tsohon gida. Idan kuma wa'adin rajistar sunan gida ya ƙare ba a sabunta ba, dukkan adireshin da ke ƙarƙashinsa sun mutu a rana ɗaya. Zagaye kuwa yakan faru ne idan akwati na ɗaya na tura wa na biyu, na biyun kuma na mayar wa na ɗaya. Na'urori na gane haka ta ƙirga layukan Received, kuma Postfix kan yanke tafiyar idan sun kai 50.

Girman saƙo ma na nan. Kafin fayil ya shiga wasiƙa sai an mayar da shi haruffa, kuma hanyar da ake bi na mayar da kowane bayit 3 zuwa harafi 4. Wato fayil kan ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Mai binciken karin harshe da ya naɗo sauti na megabayit 20 zai tarar da cewa abin da ya isa ƙofar mai karɓa ya doshi 27.

4.2 Layin jira ya cushe

Idan ƙorafi ya fito daga mutane da yawa a lokaci guda, layin jira ake fara dubawa. Tambayar ita ce, wasiƙun da suka taru gida ɗaya suka nufa ko gidaje daban-daban? Idan gida ɗaya ne, matsalar ta can ce. Idan kowane gida ne, ta nan ce: faifan ajiya ya cika, ko DNS ba ya amsawa, ko kamfanin da ke ba da layi ya toshe ƙofa ta 25, ko kuma manhajar tace ƙwayoyin cuta ta tsaya.

Wannan na ƙarshe ya faru a sarari ranar 1 ga Janairu, 2022. Ƙungiyoyi da ma'aikatu masu amfani da Microsoft Exchange na 2016 da na 2019 a na'urorinsu sun wayi gari wasiƙu sun tsaya cik a layi. Manhajar tacewar na amfani da kwanan wata a matsayin lambar sabon bayaninta, kuma lambar ranar ta zama 2201010001. Gurbin da aka tanadar mata kuwa ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Sai manhajar ta faɗi, kuma da yake ba a barin wasiƙa ta wuce ba tare da an tace ta ba, komai ya tsaya. Adireshi lafiya, layi lafiya, mai karɓa a shirye, amma babu abin da ke motsi. Kundin aiki ne ya nuna wa masu kula inda cutar take.

4.3 Zargi

A shekarun farko kowace uwar garke kan karɓi wasiƙa daga kowa ta tura wa kowa. Yawaitar wasiƙun banza da na damfara ne ya kawo ƙarshen wannan yarda, kuma a yau kaso mai yawa na wasiƙun da ba su isa ba an ƙi su ne da gangan. Tun 1997 Paul Vixie ya fara tattara jerin adireshin na'urorin da ke watsa tarkace, kuma irin waɗannan baƙaƙen jeri, kamar na Spamhaus, har yanzu ana dubawa kafin a karɓi wasiƙa. Ya isa a ce an sace kalmar sirrin ma'aikaci guda aka yi amfani da akwatinsa dare ɗaya, sai uwar garken jami'a baki ɗaya ta shiga jerin. Neman a cire suna kafin a toshe kafar da ɓarnar ta fito aikin banza ne, domin za a sake mayar da shi.

Akwai kuma dabarar da Evan Harris ya bayyana a 2003, inda uwar garke ke amsa wa duk baƙon da ba ta sani ba da lamba mai farawa da 4 a karon farko. Na'urar kirki za ta dawo, ta 'yan damfara kuwa galibi ba ta dawowa. Wannan ne dalilin da wasiƙar farko daga sabon mutum kan makara da wasu mintuna, ta biyu kuma ta iso nan take.

Sai hanyoyi uku na tantance mai aikawa. SPF rubutu ne a DNS da ke lissafa na'urorin da aka yarda su aika da sunan gida. DKIM hatimi ne na lissafi da ake bugawa a kan saƙo, wanda ke karyewa idan an taɓa abin da ke ciki. DMARC, wanda aka wallafa a 2015, shi ke faɗa wa mai karɓa abin da zai yi idan sunan da ke fuskar wasiƙa bai sami goyon bayan ko ɗaya daga cikin biyun ba. Daga Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗansu a kan wannan, kuma Gmail ta wajabta dukkan ukun ga mai aika mata wasiƙa 5,000 ko fiye a rana. Mujallar da ke amfani da manhajar karɓar maƙalu a wata na'ura ta daban, tana aika sanarwa da sunan gidan jami'a alhali ba a sa wannan na'ura a SPF ba, sanarwarta za ta riƙa faɗawa jakar tarkace ko a mayar da ita. Wannan ne mafi wuyar ganewa, domin idan an jefa wasiƙa a jakar tarkace, kundin mai aikawa 250 zai nuna, babu kuma takardar dawowa.

5.0 Wasiƙar Mil 500

Akwai wani labari sananne a tsakanin masu wannan sana'a, wanda Trey Harris ya bayar a 2002 game da abin da ya faru a tsakiyar shekarun 1990 a wata jami'a da ke jihar North Carolina ta Amurka. Shugaban sashen ƙididdiga ya kawo masa ƙara cewa ba sa iya aika wasiƙa zuwa wurin da ya wuce mil 500, ko sama da haka kaɗan. A bisa duk abin da aka bayyana a sama, wannan magana ba ta da kai, domin SMTP bai san nisa ba. Amma mutanen sashen sun yi kwanaki suna tara alƙaluma har da taswira. Da Harris ya gwada, sai ya ga wasiƙa na zuwa Atlanta da Washington da New York, ba ta zuwa Boston da Detroit da Memphis.

Abin da ya faru shi ne an sabunta tsarin na'urar, kuma a wajen sabuntawar aka maye gurbin Sendmail na 8 da tsohon Sendmail na 5, aka bar fayil ɗin tsari na sabon. Tsohuwar manhajar ba ta fahimci wasu umarnin ba, sai ta ɗauke su sifili, ciki har da tsawon lokacin jiran amsa. A aikace wannan sifili ya zama kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa. Haske na tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 900 ko mil 558 a wannan ɗan lokaci. Na'urar da ke kusa kan amsa kafin a yanke, ta nesa ba ta samu. Masu bin diddigi sun nuna cewa lissafin bai yi la'akari da zuwa da dawowa ba, shi ma mai labarin ya amince ya sauƙaƙa wasu bayanai. Duk da haka hanyar binciken tana nan daram: an ɗauki bayanin masu ƙara da muhimmanci, an sake gwadawa, sannan aka tambayi me ya sauya a na'urar kafin matsalar ta fara.

6.0 Wasiƙar da ta Isa a Gurgunce

Ga masanin harshe, isar wasiƙa rabin aiki ne. SMTP na 1982 an gina shi ne a kan haruffan ASCII, masu gurbi 128 kacal, waɗanda babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsu, babu ẹ da ọ da ṣ na Yarabanci, babu ị da ụ da ṅ na Ibo, balle alamomin karin sauti. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar da tsarin MIME, wanda ya ba wasiƙa damar faɗin irin haruffan da aka rubuta ta da su. A wannan shekara kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda a yau shi ne hanyar da ta fi yaɗuwa wajen ajiye haruffan Unicode.

A UTF-8 kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu ne. Harafin ƙ shi ne C6 99, ɗ shi ne C9 97, ɓ kuma C9 93. Idan wasiƙa ta faɗi a goshinta cewa UTF-8 ce, manhajar mai karɓa za ta haɗa biyun ta fito da harafi guda. Idan wannan bayani ya ɓace ko aka rubuta shi ba daidai ba, manhajar kan karanta su da tsarin Yammacin Turai na Windows, kowane bayit shi kaɗai. Nan ne ƙasa ke komawa Æ™asa, ɗaki ya koma É—aki. Mai ganin haka kada ya firgita, domin bayanin bai salwanta ba, kuma idan aka umarci manhajar ta sake karantawa da UTF-8 haruffan za su dawo. Haka nan wanda ya ga =C6=99asa, wannan shi ne suturar da MIME ke sa wa harafi don ya ratsa tsofaffin na'urori, ba a tuɓe masa ita ba ne kawai. Wanda ba shi da magani shi ne alamar tambaya. Idan ƙasa ta iso a matsayin ?asa, wata manhaja a hanya ta jefar da harafin, kuma sai dai a sake aikowa. Mafi haɗari kuma shi ne manhajar da ke sauya harafin da mafi kusa da shi a kama, ta yadda ƙafa za ta zama kafa, ɓata ta zama bata, ƙara ta zama kara. A wasiƙar zumunci mai karatu zai gane daga muhallin magana. A maƙalar tsarin sauti, inda misalan tagwayen kalmomi su ne hujjar baki ɗaya, edita ba shi da hanyar sanin an taɓa wani abu.

Akwai wata matsala mai kama da wannan wadda uwar garke ba ta da hannu a ciki. Kafin Unicode ya yaɗu, masu buga Hausa sun dogara ga fon na gida irin su Rabi'at, waɗanda ke aron gurbin q da x da v su zana ƙ da ɗ da ɓ a kai. Fayil ɗin da aka rubuta da su, idan ya isa kwamfutar da babu fon ɗin, qasa da xaya da varawo zai nuna. A nan wasiƙa ta isar da ainihin abin da aka ba ta, kuma gyaran shi ne a mayar da rubutun Unicode kafin a aika, ko a haɗa da kwafin PDF don edita ya kwatanta.

Haruffan nan na iya shafar isar wasiƙar kanta. Idan uwar garke ta buga hatimin DKIM a kan saƙon da ke ɗauke da bayit masu gaɓa takwas, sannan wata na'ura a gaba ta sauya masa sutura don ya dace da tsohon tsari, saƙon ya sauya kuma hatimin ya karye. Shi ya sa takardar DKIM ta 2011 ta ba da shawarar a yi wannan sauyi tun kafin a buga hatimi. Wasiƙar Turanci zalla ba ta fuskantar wannan, ta Hausa ko Fulfulde ko Yarabanci kuwa tana iya fuskanta. Game da adireshi kuma, tun 2012 takarda mai lamba RFC 6531 ta halatta sa haruffan Unicode a sunan akwati, amma sai dukkan na'urorin da ke kan hanya sun goyi bayan tsarin, in ba haka ba a mayar da wasiƙar. Don haka mai suna Ɗanladi ko Ɓaidu da ke son wasiƙarsa ta isa kowane gida, har yanzu da d ko b marar lanƙwasa yake rubuta adireshinsa, ya bar lanƙwasar ga sunan da ke bayyana a gefensa, wanda MIME ke iya ɗauka.